Toma Atis da Fuskar da Ya Sata

Duk wanda ya zauna a Unguwar Gabas ta Sabon Garin Zariya ya san Toma Atis. In bai san sunansa ba, to ya san wandonsa. Wando ne ƙwaya ɗaya tak, amma babu kalar da ba ta taɓa kwana a jikinsa ba: ja a gwiwa, shuɗi a aljihu, kore a inda ba a faɗa. 'Yan layinsu sukan ce ranar da Toma ya mutu ba sai Fasto ya wahala da karanta tarihinsa ba, a rataye wandon nan a ƙofar coci kawai, kowa ya karanta da kansa.

Sana'arsa rubutun allo. Rumfarsa tana unguwar PZ, a matse tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da taya, fallen kwano huɗu da benci ɗaya da gwangwanayen fenti. Allon aski, allon kemis, bayan tifa, lambar gida, har da "Ba a fitsari a nan", duk aikinsa ne. A makaranta bai wuce aji huɗu ba, shi ya sa in za ka ba shi aiki sai ka rubuto masa a takarda, ka kuma tsaya a kansa, in ba haka ba ya cinye maka harafi ɗaya ya ce fenti ne ya ƙare. Amma hannu kam, Allah Ya ba shi.

Aibinsa ɗaya ne. Toma ba ya iya zana fuska da ka. Sai mutum ya zauna a gabansa, yana kallo yana zanawa, kuma abin da ya gani shi zai sa, ba ragi ba ƙari. In ranar kana da ƙurji a goshi, to ƙurjin nan ya shiga tarihi. Allon aski ba ya ba shi wahala, ga 'yan acaba nan birjik a bakin PZ, sai ya kamo ɗaya ya zaunar da shi a benci. Allon kitso ne matsala. Wace mace ce za ta zauna wani ƙato mai warin kananzir yana ƙare mata kallo? Dole ya koma gida wurin matarsa, Lusiya.

Lusiya 'yar kudancin Kaduna ce, doguwa, baƙa, mai wushirya, da wani ɗan tabo a girar hagu inda mai ya fallatsar mata tun tana budurwa. Ƙosai take toyawa da safe a bakin layi. A duniya ba abin da ta ƙi kamar hoto. Ko na aurensu, da iska ta yaye rufin ɗakinsu ruwa ya cinye shi, cewa ta yi an huta. Ranar da Toma ya fara roƙonta ta zauna masa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban Istifani, fuskata ba ta kasuwa ba ce. In ƙeya kake so, ga ta nan."

Haka aka shirya. Ta zauna a kan turmi ta ba shi baya tana tsintar wake, shi kuma yana zana shuku da kalaba da doka a kan ƙeyarta. Shekara goma sha biyu ana haka, har ya zama duk allon kitson da ke tsakanin Chikaji da kasuwar Samaru ƙeyar Lusiya ce. 'Yan layi suka samu abin yi.

"Toma, a duk Zariya kai kaɗai ne matarka ta juya maka baya ka ci riba."

"Ku ma ku gwada mana," in ji shi, "ku ga ko ƙeyar taku matan za ta sayu."

Abin da Lusiya take ji da shi, bayan 'yarta Istifani, shi ne tulun zumuntar mata. A cocinsu in mata suka tashi waƙa, akwai wani ƙaton tulu da ake bugun bakinsa da faifan soso, shi ke ba da amon da mutum yake ji har cikin ƙirjinsa. Shekara tara ita ke buga shi. Mace ce marar yawan magana, amma in ta rungumi tulun nan ranar Lahadi, har tsofaffi masu ciwon gwiwa sai sun miƙe.

A shekarar dubu biyu da uku ne Oga Ejike ya shigo rayuwarsu. Kayan gyaran mota yake sayarwa a PZ, haihuwar Sabon Gari ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya je Legas ya ga wani wurin shaƙatawa, ya dawo da zazzaɓin abin. Ya sayi fili a gefen titin da ya tashi daga Kwangila zuwa Samaru, ya shuka ciyawa, ya kafa lilo, sannan ya ɗauko wani saurayi Eric da ya gama karatun zane a Samaru, ya ce ya gina masa abin da mota ba za ta wuce ba tare da an leƙo ba. Eric ya gina mace ta siminti, tsawon bene, da tulu a ka, ruwa yana zubowa daga tulun zuwa cikin wani ɗan kududdufi. Aiki ya yi kyau. Sai dai fuskar ya bar ta sumul kamar ƙwai, ba ido ba hanci ba baki. Ya ce wai ita ce uwar kowa, duk wanda ya zo ya sa mata fuskar uwarsa. Da Turanci ya faɗa, shi ya sa Ejike ya gyaɗa kai.

Aka buɗe wuri. Yara suka ɗaga kai suka fashe da kuka. Mata suka ce fatalwa ce. Wata biyu ba mai shiga sai awaki, Eric kuma ya tafi bautar ƙasa can wata uwa duniya. Ejike ya zo rumfar Toma ya zauna a benci ba tare da ya duba ko fentin ya bushe ba.

"Atis, mutane ba sa shiga gidan da matar gidan ba ta da ido. Tambari nake so. Mace ɗaya da tulu a ka, wadda in mutum ya hango ta daga Kwangila zai ji kamar ana kiransa cin tuwo. Bayanta shuɗi, rubutu ruwan ɗorawa, ko'ina iri ɗaya, don ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Alluna huɗu manya, da bangon ƙofa. Sunan wurin Lambun Uwar Tulu."

Toma bai taɓa samun aiki irin wannan ba. Ya samo wata yarinya mai aiki a shagon kitso ta zauna masa tana taunar cingam. Ejike ya duba zanen ya ce, "Wannan in ta kira ka cin tuwo, ka fara sallama da matarka." Ya zana wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Ejike ya ce gara fatalwar. Sai Toma ya koma wurin Lusiya. Ta ba shi amsar da ta saba ba shi, har da ƙarin harara.

To, a nan ne Toma ya yi abin da ya yi. Safiya uku a jere ya tsallaka titi ya zauna a teburin mai shayi, ya ɓoye kwalin sabulu a cinyarsa da guntun fensir. Mutumin da ko shayin bai dame shi ba, sai ga shi yana shan kofi uku. Lusiya tana can tana tuya. Akwai wani ɗago kai da take yi in ta hango mai saye tun daga nesa, gira a sama, baki a ɗan buɗe, kamar ta ce ƙaraso mana, da zafinsa. Shi ya ɗauke. Ya gaya wa kansa in ya zo kan allo zai toshe wushiryar, ya share tabon, ba wanda zai gane. Da ya hau tsani hannu ya ƙi. Abin da ido ya gani shi buroshi ya sa.

Aka kafa alluna: ɗaya a Kwangila, ɗaya a PZ, ɗaya kusa da tasha, ɗaya a bakin kasuwar Samaru, sai babbar a bangon ƙofar lambun, fuska kaɗai ta fi tsawon mutum. Kuma abin ya ci. Da Kirsimeti sai da aka yi layi a ƙofa, da Sallah ma haka. Yaran da suka yi kuka da, yanzu cewa suke ai ga fuskar matar simintin can a waje, ta cire ne za ta yi wanka. Wani malamin zane daga Samaru ya tsayar da motarsa a Kwangila ya tambayi wanda ya yi aikin. Tun daga ranar kan Toma ya daina shiga hula. Ya koma da tsani ya ƙara wa sunansa girma a ƙasan allon.

Lusiya a bakin wata mai sayen ƙosai ta ji.

"Maman Istifani, ashe kin zama 'yar fim ba labari?"

Ta sauke kasko, ta taka har PZ da mai a hannunta, ta tsaya a ƙarƙashin allon ta ɗaga kai. Ta daɗe. Ta dawo gida ta binciko kwalin sabulun a ƙarƙashin katifa, ta hura wutar tuya da shi washegari. Kwana tara ba ta ce wa Toma ko sannu ba. A na goma ta ajiye masa tuwo ta ce, "Ka sace ni, Baban Istifani. Ina zaune ina nema mana abin da za mu ci, ka zauna a gabana ka sace ni."

"Haba, Maman Istifani. Wurin yara ne fa. Lilo ne da ciyawa. Mene ne abin kunya a ciki?"

Ba ta ƙara magana ba. Shi kuma ya ɗauka shirun yafiya ne, kamar yadda maza suka saba ɗauka.

Kafin a ƙona kwalin, Ejike ya riga ya are shi ya kai Samaru wurin wata Adenike mai shagon kwamfuta, don a buga sitika da tikitin shiga da kalanda da riguna. Adenike yarinya ce mai son aikinta ya fita tsaf. Ta toshe wushiryar, ta goge tabon, ta rage hanci, ta wanke fatar har matar ta koma kamar 'yar Indiya. Toma ya ga sitikar a bayan wani acaba ya yi tsaki ya ce wannan ko tafasa ruwa ba ta iya ba. Saboda haka duk takardun da suka cika gari ba Lusiya ba ce a jiki. Lusiya ta gaskiya tana wuri biyar ne kawai, inda hannun mijinta ya sa ta.

Da wurin ya tsaya a lilo da ciyawa, da watakila maganar ta mutu. Amma yara sai da biki suke zuwa, shekara kuwa ba biki ba ce duka. A shekara ta biyu Ejike ya shigo da firji uku, da mai farfesun kifi, da lasifika. Lilo ya yi tsatsa, kujerun roba suka hayayyafa. Sunan Lambun Uwar Tulu kuma ya yi wa mashaya tsawo. Wani ɗan Unguwar Gabas, Allah Ya san shi, layi ma ya san shi, shi ya fara cewa, "Mu je wajen Lusiya." Shi ke nan. Sunan da Ejike ya sa aka rubuta da ruwan ɗorawa ya zauna a allo, wanda gari ya raɗa ya shiga bakin kwandastoci. In bas ta taso daga Sabon Gari sai ka ji ana buga ƙofa: "Kwangila! Lusiya! Samaru! Akwai mai sauka Lusiya?"

Wata safiya wata mata ta zo tun daga Chikaji, ɗamara a ƙugu, tana tambayar ina Lusiyar da mijinta yake kwana biyu a wurinta. Aka nuna mata mai ƙosai. Kafin a yi mata bayani ta shure kwanon ƙullu. 'Yan layi sun yi dariya ranar, ba za a ɓoye ba. Lusiya ta durƙusa tana kwashe ƙullu daga ƙasa da murfin kwano.

Lahadin da ta biyo baya, da yamma, Mama Saratu uwar zumunta ta zo gidan da mata biyu. Tsohuwa ce mai tsoron Allah, kuma tana son Lusiya, shi ya sa ta daɗe tana gaisuwa kafin ta kai ga magana.

"'Yata, ba mu ce kin yi laifi ba. Kowa ya san ko burkutu ba ki taɓa kaiwa baki ba. Amma fuskar da ke tsaye a ƙofar giya ranar Asabar, a ce ita ce a gaban jama'a ranar Lahadi tana buga tulu, ana ta magana. Ki ɗan huta tukuna. Ranar da aka sauke allunan nan, tulunki yana jiranki."

Toma yana daga ɗaki yana ji. Da suka tafi Lusiya ta leƙo ta ce, "Ka ji dai."

Ya je wurin Ejike. Ejike ya yi dariya har da buga tebur.

"Atis, ka taɓa ganin an canza wa kare suna bayan ya iya amsawa? Fuskar nan ita ce kasuwar. Ka ba Madam haƙuri, ka ce ina gaishe ta."

Toma ya dawo ya ce ana kan magana. Wata ya wuce, ya ce Oga ya yi tafiya. Wani watan ya ce damina ce, fenti ba ya kamawa. Gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce bai matsa ba. Mai fenti ne, yana da tsani, yana da farin fenti, ba ranar da ba zai iya gamawa da allunan nan kafin azahar ba. Amma a duk rayuwarsa ta rubuta "Ba a fitsari a nan", wannan ne kaɗai aikin da mai mota ya taɓa tsayawa dominsa. In zai je Chikaji sai ya zaga ta Kwangila don kawai ya ɗaga kai. Kullum gobe. Goben Toma ta yi wata goma sha huɗu.

Duk tsawon lokacin Lusiya ba ta fasa zuwa coci ba. A bencin baya take zama. Yarinyar da aka ba tulun tana da ƙoƙari, amma takan riga waƙa da rabin taki, kuma duk wanda ya zauna kusa da Lusiya yana ganin tafin hannunta yana bugun cinyarta a daidai inda ya kamata.

Da daminar dubu biyu da shida ƙafafunta suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce. Aka kwantar da ita a asibiti, Istifani ta baro gidan mijinta a Kafanchan ta zo jinya. Wata rana da la'asar Lusiya ta aiki 'yarta sayen ruwa, ta kamo hannun Toma, mai fenti a ƙarƙashin farce, ta ɗora a kanta.

"Ka yi mini alkawari a gaban Allah. Duka biyar ɗin. Kada ka bar ko ɗaya, ko a takarda, ko a hoto. Ba na so in tsaya a gaban Ubangiji rabina yana ƙofar giya."

"Za ki warke, Maman Istifani, ki ga an sauke da idonki."

"Ban tambaye ka wannan ba."

Ya yi alkawarin. Bayan kwana huɗu ta rasu.

Da aka zo buga takardar jana'iza, mai bugawa ya ce a kawo hoto. Aka juye akwati. Hoto ɗaya aka samu, na taron zumunta, mata talatin a jere, ita kuma ta sunkuya bayan tulu, ɗankwali kawai ake gani da kunne ɗaya. Mai bugawa ya ce abu mai sauƙi, a je Kwangila a ɗauko daga allo. Mama Saratu ta ce sai dai in ita ma an haɗa da gawarta. Haka aka buga takardar da gicciye da fure. Matar da fuskarta ta cika gari, aka binne ta ba hoto. Matan zumunta sun buga mata tulu har bakin kabari. Ranar ko ɗaya daga cikin 'yan layi bai buɗe baki ba.

Bayan mako biyu Toma ya zauna a rumfa da kwali da fensir, ya ce bari ya gwada, ko don ya gani a ransa ya yaga. Shekara ashirin da shida yana kallon fuskar nan. Ya zana tulu, ya zana ɗankwali, ya zana wuya. Da ya zo tsakiya hannu ya tsaya. Ya san akwai wushirya, ya san akwai tabo, amma sani daban gani daban. Istifani ma ba ta taimaka ba, don ita hancin ubanta ta kwaso da goshinsa, abin tausayi. A ranar ya gane abin da ya yi alkawari a kai: in allunan suka tafi, fuskarta ta tafi ke nan.

Na kasuwar Samaru ya fara gogewa, don shi ya fi nisa da gida. Da rana tsaka ya jingina tsani, ba wanda ya ce masa kanzil, don wa yake tambayar mai fenti a kan tsani? Bayan wata uku ya goge na tasha. Da ya goge na PZ, Ejike ya fito daga shago yana kumfar baki, ya iso gindin tsanin ya ɗaga kai ya ga fuskar Toma, sai ya sa hannu a aljihu ya koma. Na Kwangila sai da ya shekara. Kowanne sai ya yi awa biyu a kan tsani yana kallo, buroshi yana ɗiga a wandonsa, kafin ya fara.

Lokacin kuma sana'ar ta fara mutuwa. An kawo injin da ke buga hoto a kan wata leda mai kauri da ake kira fileks, yau ka ba da aiki gobe ka karɓa, ba harafin da zai ɓace. Masu aski suka koma can, masu kemis suka bi su. Aikin Toma ya ragu. Duk Lahadi in an tashi daga coci, Mama Saratu takan tare shi a ƙofa.

"Saura nawa, Toma?"

"Saura ɗaya, Mama."

Saura ɗayan nan ya daɗe. Kullum da yamma sai ya taka har lambun, ya zauna a kan kwalbati a tsallaken titi yana fuskantar bangon, har rana ta yi ja. Bai taɓa shiga ba. 'Yan layi da bakinsu ya dawo suka ce, "Ashe Toma ma ya fara zuwa wajen Lusiya. Shi dai nasa shan da ido ne."

A farkon dubu biyu da takwas Ejike ya yanke shawarar sabunta wurin: sabon suna na Turanci, sabon tambari na kwalba da tauraro, duk a fileks. Wata safiyar Talata ya aika aka kira Toma. Ya zo da tsaninsa da bokitin farin fenti, ya tarar da kafintoci suna haɗa katako, Adenike tana tsaye da fileks a naɗe. Ejike ya ja shi gefe. Ba mugun mutum ba ne, kasuwa ce kawai ta yi masa yawa a ka.

"Atis, ajiye bokitin nan. Ba sai ka goge ba. Katako za mu buga a kan bangon, mu ja fileks a kai. Ba mai ganinta, ba mai cewa ga ta a ƙofar giya. Tana nan a ciki, rana ma ba za ta ci ta ba. Ni da kai kaɗai muka sani. Duk ranar da ka so, a ɗaga maka gefe."

Toma ya dubi bokitin fentinsa. Dabara ce mai kyau, kuma ya ji daɗinta har cikin ƙashinsa. Mama Saratu za ta wuce a bas ta ga an sauke. Shi kuma yana da inda zai zo.

Adenike ta matso da kyamara a hannu. "Baba, ko kuma in ɗauka maka yanzu, in wanke maka ɗan ƙarami na aljihu. Na asalin da aka kawo mini ban ajiye ba, wanda na gyara ne kawai a kwamfuta."

"Ta ce ko a takarda."

"Baba, wa zai sani?"

Toma ya dubi bangon. Girar nan a sama, bakin a ɗan buɗe.

"Ranar da na zauna wurin mai shayi ma abin da na ce ke nan." Ya juya wurin Ejike. "Oga, a ce wa kafintoci su ba ni zuwa azahar."

Ya hau. Ya fara da sunansa da ke ƙasa, shafa ɗaya ya tafi. Sannan rubutun, sannan tulun, ɗankwali, wuya, kunnuwa. Ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai cin tuwo da zafi, har ya rage ido biyu da gira mai tabo a tsakiyar farin bango. Kafintoci suka daina buga guduma. Ya tsoma buroshi ya ja sau biyu, ya sauko.

Sai dai duk mai fenti ya san farin fenti ba ya rufe baƙi a shafa ɗaya. Yana tsaye yana goge hannu, fentin ya fara shan iska, sai ga ta tana fitowa a hankali daga ƙarƙashi, dishi-dishi, kamar mai leƙowa ta labule. Dole ya jira ya bushe, ya sake hawa. A shafa ta biyu ma wushiryar ba ta tafi ba. Sai a ta uku. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Da ya gama, bangon ya koma sumul, daidai da fuskar matar simintin da ke tsaye a bayansa tana zubar da ruwa. Aka ja fileks a kai.

Daga nan bai je gida ba. Ya saɓa tsani ya taka har gidan Mama Saratu, ya same ta tana tankaɗe.

"Mama, an sauke. Duka biyar."

"Madalla, Toma. Allah Ya ba ta hutawa."

"To, ai kun ce ranar da aka sauke..."

Bai ƙarasa ba. Tsohuwar ta ajiye rariya ta ja bakin zane ta rufe fuska. Ya ɗan tsaya, ya ɗauki tsaninsa ya fita.

Rumfar PZ yanzu mai sayar da katin waya ne a ciki. Toma yana nan, yana rubuta lambar gida da sunaye a kan kabari, in an rubuto masa a takarda. Ba ya shiga bas ɗin Samaru, ko da ruwa ake yi, don fenti ba ya kama bakin kwandasta, har yau Lusiya suke kira. Allunan kitsonsa ma fileks ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, saura guda a Chikaji, a shagon wata Oby, ya koɗe, kusurwa ɗaya ta ruɓe. Sau biyu tana shirin canzawa, sai ta leƙo da safe ta gan shi tsaye, ta fasa. Kawuna huɗu ne a allon, shuku da kalaba da doka da wani da aka daina yayi, duka ƙeya ɗaya, dogon wuya ɗaya, an ɗan sunkuyar kamar mai tsintar wake. Wannan ba ya cikin alkawari, ita ta ba shi da bakinta.

Yakan yi rabin awa a wurin, hannu a baya. In ya dawo layi, masu zaman benci ba sa barinsa ya wuce haka nan.

"Atis, yaya? Ta juyo?"

"Tukuna," in ji shi, ya shige gida.